Igiya, Saitin Rauta Ko Sauya Kamfani: Wanne Ne Maganin Matsalar Buga Gem Ta Intanet?

Duk mai PlayStation ko Xbox da wasa yake yanke masa ana tsakiyar karawa, ko yake ganin ɗan wasansa bai ba da ƙwallo ba sai bayan an riga an ƙwace ta, yana da hanyoyi uku a gabansa: ko ya gyara yadda na'urar wasan take haɗuwa da rauta (akwatin da yake raba intanet) a cikin gida, ko ya shiga saitin rautar ya yi gyara, ko kuma ya sauya kamfanin da yake ba shi intanet gaba ɗaya. Akwai hanya ta huɗu da mutane da yawa suke fara bi, wato sayen sabuwar rauta mai tsada mai eriya shida ko takwas wadda aka rubuta a kwalinta cewa don masu gem aka yi ta, kuma a ganina ita ce hanyar da ta fi cin kuɗi ba tare da biyan buƙata ba, in ban da a yanayi guda ɗaya da za a zo kansa a gaba.

Kafin a zaɓi magani, dole ne a san irin ciwon, domin abin da ake kira matsalar netwok a wajen masu wasa ba abu ɗaya ba ne. Akwai jinkiri mai ɗorewa, inda komai yake tafiya daidai amma a makare. Akwai tsalle-tsalle, inda wasa yake tafiya lafiya sai ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan a ga 'yan wasa sun ɓullo a wani wuri daban, wanda alama ce ta cewa wasu saƙonni suna ɓacewa a hanya ko suna isowa ba a kan ƙa'ida ba. Sai kuma matsalar da ba ta shafi gudu ba ko kaɗan, wato mutum ya kasa shiga wasan abokinsa, ko ya daɗe yana neman abokin karawa bai samu ba, ko hirar murya ta ƙi haɗuwa, kuma wannan ita ce matsalar NAT, wato tsarin da rauta take bi wajen barin saƙonnin waje su shigo gida. Yawan megabit ba ya cikin manyan dalilai. Kamfanin Microsoft da kansa ya ce mafi ƙarancin abin da ake buƙata don wasa a kan Xbox shi ne megabit 3 na saukewa, da rabin megabit na aikawa, da ping, wato lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo, ƙasa da milisakan 150 (milisakan 1,000 ne sakan guda). Saboda haka wanda yake da megabit 20 kuma wasa yana yi masa gardama, ƙarin kuɗi don ya koma megabit 100 zai rage masa lokacin sauke sabon wasa ne kawai, ba zai sa harbinsa ya riga na abokin gaba ba.

Gwajin da ya fi raba gardama ba ya cin ko sisi. A ɗauki kwamfuta a ajiye ta kusa da na'urar wasan, a haɗa ta da Wi-Fi ɗin da na'urar take amfani da shi, sannan a tura ping zuwa adireshin rautar, wanda galibi yakan kasance 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin rautocin Huawei masu ɗaukar sim. A bar shi yana tafiya na wasu mintuna, a daidai lokacin da aka saba yin wasa, musamman bayan sallar isha'i lokacin da kowa a gida da unguwa yake kan waya. Idan amsar tana zuwa cikin milisakan 1 zuwa 5 a jere, to cikin gida lafiya lau ne. Idan kuwa ana ganin 3, sai 4, sai 180, sai layi guda da ya ce ba a sami amsa ba, sai kuma a koma 3, to laifin yana tsakanin ɗakin wasa da inda rautar take, kuma babu hannun kamfanin intanet a ciki. Bayan haka sai a maimaita gwajin zuwa wani adireshi na waje kamar 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Idan na farko yana zaune daram amma na biyu yana hawa da sauka, matsalar ta wuce ƙofar gida.

Idan gwajin ya nuna laifin cikin gida ne, zaɓin yana tsakanin igiyar Ethernet, da gyara Wi-Fi, da na'urorin da suke bin wayar lantarki. Igiya ce a kan gaba, kuma tazarar da ta ba sauran ba ƙarama ba ce. PS4 da PS5 da Xbox One da Xbox Series duka suna da ramin igiya mai ɗaukar gigabit guda, kuma igiyar Cat5e ko Cat6 tana kai wannan gudu har tsawon mita 100, wanda ya fi ƙarfin kusan kowane gida. Fifikonta ba a gudu kaɗai yake ba. Wi-Fi iska ake rabawa, wato idan wata na'ura tana magana a kan zango guda dole sauran su jira, kuma idan saƙo ya lalace a hanya sai an sake aika shi, wanda mai kallon bidiyo ba zai taɓa lura da shi ba amma mai wasa zai ji shi a yatsunsa. A wasan da yake nuna hoto 60 a sakan guda, kowane hoto yana ɗaukar kimanin milisakan 17, don haka tsaikon milisakan 100 yana nufin an wuce mutum da hotuna shida. Abubuwa biyu ne suke buƙatar lura wajen sayen igiya. Na farko, kasuwa cike take da igiyoyi masu arha waɗanda cikinsu alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe, suna saurin karyewa kuma ba sa kai nisa da kyau, saboda haka ya kamata a nemi mai tsantsar jan ƙarfe ko da ta ɗan fi tsada. Na biyu, igiyar da aka ja ta waje daga wani sashe na gida zuwa wani tana iya ɗauko wutar tsawa da damina ta ƙone ramin rautar ko na na'urar wasan, don haka gara a cire ta idan hadari ya taso. Masu Nintendo Switch na farko sai sun sayi ƙaramar adafta ta USB, domin sai a samfurin OLED na 2021 aka sa ramin igiya a mazauninta.

Wanda ba zai iya jan igiya ba, ko don gidan haya ne ko don nisa, sai ya yi abin da zai yiwu da Wi-Fi. A nan zaɓin yana tsakanin zanguna biyu da Wi-Fi yake aiki a kansu, wato zangon 2.4 GHz da na 5 GHz. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango da kai nisa, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma a cikinsa ne Bluetooth yake aiki, har da hannun wasan PlayStation da yake hannun mai wasan. Zangon 5 ya fi sarari da natsuwa, sai dai bangon bulo da siminti yana rage masa ƙarfi sosai, balle dakin mai rodi a gidan sama. Idan bango ɗaya ne tsakanin rauta da na'urar wasa, zangon 5 ya fi. Idan uku ne, babu mai daɗi a cikinsu, kuma matsar da rautar ya fi duk wani saiti amfani. PS5 tana ba da damar tilasta mata zama a zangon 5 a cikin saitin netwok ɗinta, amma PS4 ta asali ta 2013 ba ta san wannan zango ba sam, sai samfurin Slim da Pro na 2016. Ƙaramar na'urar ƙara nisan Wi-Fi da ake sokawa a soket ba ta dace da wasa ba, domin tana karɓa ne ta sake aikawa a kan iska guda, wato tana ninka jiran da ake gudu.

Na'urorin da suke tura intanet ta cikin wayar lantarkin gida suna aiki a wasu gidaje, amma a gidan da yake sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta da inbata, ko wanda aka raba ɗakunansa a kan layukan wuta daban-daban, sa'a ce kawai. Ban ga dalilin sayensu ba sai idan mai shago ya yarda a mayar masa in ba su yi ba.

Yanayin da sabuwar rauta take da amfani na gaskiya shi ne inda wasa yake tafiya lafiya idan mutum shi kaɗai ne a gida, amma da zarar wani ya fara tura bidiyo ko wayarsa ta fara ajiye hotuna a intanet sai ping ya tashi daga 90 zuwa 600. Dalilin shi ne saƙonni suna taruwa a dogon layi a cikin rauta ko modem, kuma ɗan ƙaramin saƙon wasa yana tsayawa a bayan manyan kaya yana jiran su wuce. Maganinsa tsarin da ake kira SQM ne, wanda yake amfani da dabaru irin su fq_codel da CAKE wajen raba layi da adalci, kuma ana samunsa a manhajar OpenWrt da wasu rautocin kasuwa. Akan saita shi ƙasa kaɗan da ainihin gudun layin, kamar kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, domin layin jiran ya kasance a hannun rautar gida. Yana aiki sosai a kan faiba, inda gudu yake tsaye, amma a kan 4G da 5G, inda gudun yake sauyawa daga awa zuwa awa, samun lambar da ta dace yana da wuya. Wanda zai sayi rauta don wasa, wannan tsari ya kamata ya tambaya, ba yawan eriya ko fitilu ba.

Batun NAT ya fi rikitarwa, kuma a nan ne aka fi ɓata lokaci. Adiresoshin IPv4, wato lambobin da ake gane kowace na'ura da su a intanet, kimanin biliyan 4.3 ne kawai, kuma babban rumbunsu ya ƙare tun a watan Fabrairun 2011, shi ya sa duk na'urorin gida suke fita da adireshi guda ta hannun rauta. Rautar kamar maigadi take a ƙofar zaure: idan ɗan gida ya yi aike, ya san mai kawo amsa zai bar shi ya shiga, amma baƙon da babu wanda ya aika a kira shi sai ya mayar da shi. Wasannin da suke haɗa 'yan wasa kai tsaye da juna, irin su GTA Online da Tekken 8 da yawancin wasannin Nintendo, suna buƙatar irin wannan baƙo ya shigo, alhali wasanni irin su Fortnite da suke da sabar tasu, wato kwamfutar kamfani da kowa yake haɗuwa a kanta, ba su cika damuwa ba. PlayStation tana bayyana matsayin da Type 1 ko 2 ko 3, Xbox kuma da Open ko Moderate ko Strict. A Xbox, mai Open yana haɗuwa da kowa, mai Moderate yana haɗuwa da Open da Moderate, mai Strict kuwa sai da mai Open kaɗai. A PlayStation, Type 2 shi ne daidai ga duk wanda yake bayan rauta, kuma neman Type 1 wahalar banza ce, domin ma'anarsa na'urar tana haɗe da intanet kai tsaye babu rauta a tsakani.

Hanyoyi uku ne na sassauta NAT. Ta farko UPnP, wadda take ba na'urar wasa izinin buɗe wa kanta ƙofar da take buƙata. Ita ce mafi sauƙi, maɓalli ɗaya ne a shafin rauta, sannan a kashe rautar da na'urar wasan a sake kunna su, kuma ita ce ta fi dacewa da gidan da yake da na'urori biyu ko fiye, ko gidan gem mai na'urori goma, domin kowace za ta nemi ƙofarta. Aibinta shi ne kowace na'ura a gidan tana samun wannan izini, har da kwamfutar da ta kamu da muguwar manhaja, kuma wasu tsofaffin rautoci suna riƙe tsohon bayani su ƙi sabuntawa. Ta biyu buɗe ƙofofi da hannu, inda za a fara ɗaure na'urar wasan a kan adireshi guda a cikin gida, sannan a tura mata ƙofofin da kamfaninta ya lissafa. A Xbox mafi muhimmanci ita ce 3074 ta UDP da TCP (nau'o'in saƙo biyu da ake zaɓa a shafin rauta), tare da 88 da 500 da 3544 da 4500 ta UDP. A PlayStation kuma 3478 zuwa 3480 ta TCP, da 3478 da 3479 ta UDP. Wannan hanya ta fi tsari, kuma mai gida ya san abin da ya buɗe, amma ƙofa ɗaya ba ta zuwa wa na'urori biyu, ko da yake Xbox tana da wurin zaɓar wata ƙofa a madadin 3074 saboda irin haka. Ta uku DMZ, wadda take tura duk wani baƙon saƙo zuwa na'ura guda. Ga na'urar wasa haɗarin kaɗan ne, domin ba ta da abubuwa da yawa da suke sauraron waje, amma kada a taɓa yi wa kwamfuta haka. Shawarata ita ce a fara da UPnP, in ta ƙi a kashe ta a buɗe ƙofofi da hannu, a bar DMZ a matsayin gwaji na ƙarshe, kuma kada a haɗa biyu a lokaci guda a kan ƙofa ɗaya domin suna cin karo da juna.

Idan an yi duk wannan kuma matsayin bai motsa ba, sai a duba ko rauta biyu ce a jere, wato akwatin da kamfani ya kawo da kuma wadda mai gida ya ƙara a bayansa, kowace tana yin nata NAT. Xbox takan faɗi hakan ƙarara a shafin netwok. Maganin shi ne a mayar da akwatin kamfanin gada kawai, wato ya riƙa wuce da saƙo ba tare da yin NAT ba, idan yana da wannan saiti, ko a mayar da rauta ta biyu mai raba Wi-Fi kawai.

Amma akwai katangar da babu saitin gida da yake tsallake ta, kuma ita ce ta fi shafar masu amfani da rautar sim da MiFi, waɗanda su ne mafi yawa a garuruwanmu. Kamfanonin wayar salula galibi suna haɗa kwastomomi masu yawa a kan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT, wato bayan maigadin gida akwai wani maigadin a ƙofar unguwa wanda ba ya karɓar umarnin kowa sai na kamfani. Gane shi ba wuya. A shiga shafin rauta a duba adireshin da aka rubuta a gaban WAN. Idan ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, ko kuma ya bambanta da adireshin da shafukan duba adireshi suke nunawa, to ana bayan CGNAT. A wannan hali UPnP da buɗe ƙofofi da DMZ duka aikin baban giwa ne, kuma rautar da ta fi kowace tsada a kasuwa ba za ta sauya komai ba. Abin da ya rage shi ne a nemi kamfani ya ba da adireshi na kai, wanda wasu suke sayarwa da ƙarin kuɗi, ko a yi amfani da IPv6, sabon tsarin adireshi da ya wadaci kowace na'ura, idan kamfanin yana bayarwa, wanda Xbox ta fi cin moriyarsa, ko a sa VPN mai ba da damar buɗe ƙofa a kan rautar kanta, tunda na'urorin wasa ba su da manhajar VPN. Hanyar VPN tana iya gyara NAT amma takan ƙara jinkiri, don haka ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda.

Daga nan ne maganar sauya kamfani take shigowa, kuma zaɓin yana tsakanin faiba, da 4G ko 5G, da Starlink. Faiba ce ta fi natsuwa, domin ping ɗinta ba ya damuwa da ruwan sama ko yawan mutanen da suke kan ƙarfen sabis, kuma a wajen masu faiba ne aka fi samun damar sayen adireshi na kai; matsalarta ita ce ba ta kai yawancin unguwanni ba, kuma masu aikin titi da magudanar ruwa suna yawan tsinka ta. 5G, wadda MTN ta fara a Najeriya a 2022 sannan Airtel ta biyo a 2023, tana iya ba da ping mai kyau ga wanda yake kusa da ƙarfen sabis, amma iska ce ake rabawa, saboda haka abin da aka gani da hantsi ba shi za a gani da dare ba. Ajiye rautar a taga mai fuskantar ƙarfen, sannan a ja igiya daga can zuwa na'urar wasa, yana kawo sauyi fiye da yadda ake zato. Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, a Gana a 2024, a Nijar kuma a 2025, tana amfani da taurarin da suke kimanin kilomita 550 daga ƙasa, shi ya sa jinkirinta bai kai na tsofaffin taurarin da suke nisan kilomita 35,786 ba, waɗanda ping ɗinsu yake kai wajen milisakan 600. Ga wanda yake garin da babu faiba kuma sabis ɗin waya ba shi da ƙarfi, ita ce mafita. Sai dai tsarinta na gida yana bayan CGNAT ne, rautarta ba ta da wurin buɗe ƙofofin IPv4, reshen bishiya ko tankin ruwa da ya tare mata sama yana jawo yankewar sakanni da take isa ta fitar da mutum daga wasa, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana ta. Wanda matsalarsa NAT ce kaɗai, komawa Starlink ba lallai ya raba shi da ita ba.

Akwai kuma iyakar da babu kamfanin da zai ɗage ta. Haske a cikin igiyar faiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan guda, wato kowane kilomita 100 yana cin milisakan 1 zuwa da dawowa. Igiyar MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal tun 2010 tana da tsawon kimanin kilomita 7,000, wanda shi kaɗai milisakan 70 ne, kafin a ƙara tafiyar daga Kano zuwa Legas da kuma daga Fotugal zuwa Landan ko Farankfot inda sabar wasanni da yawa suke. Saboda haka mai wasa a Arewa da yake ganin ping na 110 ko 130 zuwa sabar Turai, kuma lambar tana zaune ba ta tsalle, layinsa lafiya yake, kuma abin da zai fi taimaka masa shi ne zaɓar yankin sabar da ya fi kusa a cikin wasan idan an ba da wannan dama. Wani lokaci ma laifin yana can cikin teku, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin WACS da ACE da MainOne da SAT-3 suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama.

Sauya DNS, wato tsarin da yake nemo adireshin saba daga sunanta, zuwa na Google ko Cloudflare, wanda ake yawan ba da shawararsa, yana iya gyara matsalar shiga asusu ko buɗe shagon wasanni, amma ba ya rage ping a cikin wasa, domin aikinsa ya ƙare tun lokacin da aka gano adireshin sabar. Haka ma taɓa lambar MTU, wato iyakar girman kowane saƙo: a bar ta a 1500, ko 1492 a layin da yake amfani da PPPoE, sai idan kamfani ya ce a sauya. Abin da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne wuta. Na'urar wasa tana iya zama a kan inbata, amma idan rautar tana kan soket ɗin da yake mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, za ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta dawo, kuma wasan ya riga ya tafi. Ƙaramin batirin rauta mai bolt 12 yana magance wannan da kuɗi kaɗan.

Wanda ya yanke shawarar sauya kamfani, kafin ya biya kuɗin haɗawa ya tambaye su a rubuce ko layin gida yana bayan CGNAT, ko suna sayar da adireshi na kai da nawa ne a wata, ko suna ba da IPv6, da kuma ko za su yarda a mayar da akwatinsu gada. Idan akwai maƙwabcin da yake kan layin kamfanin, ya roƙe shi ya kai na'urar wasansa can da dare, ya haɗa ta da igiya, ya duba matsayin NAT, sannan ya buga wasan da ya saba bugawa na rabin awa yana kallon lambar ping.